Wa ya ce araha ba ta ado?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maganar wannan wata ba ta taki ba ce, ba ta allurar dabbobi ba ce. Maganar wata ƴar kwalba ce wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba. Sunan abin da ke cikinta jan farce. Wasu su ce jan akaifa. Ƴan birni su ce berni, kamar yadda ake faɗi da Faransanci.

Wani za shi ce: mi ya haɗa jarida da kayan wasan mata? To, shi yi haƙuri shi karanta har ƙarshe. Ƴar kwalbar nan ta sha haɗa miji da mata faɗa. Ta sha ɓata alwala ba a sani ba. Tana kuma kama wuta kamar isansi. Duk da haka, mata da yawa ba su da wani abin jin daɗi na ƙashin kansu wanda ya hi ta araha.

Wuni guda

A ɗauki wunin mace guda, irin wadda ake samu a kowane ƙauye daga Dogon Dutsi har Gure. Ba sai an faɗi sunanta ba. Kowa ya san ta.

Tun assalatu ta tashi. Ta ɗauki tulu ta tahi rijiya. Guga na uku, igiya ta tsinke, wasaki ya koma ƙasa. Mai ƙugiyar gari ya riga ya tahi gona. Sai ta tsaya jiran wata ta ƙare, ta ari nata. Ta dawo gida rana ta ɗaga, ta iske akuya ta kwance, ta sa baki cikin ƙwaryar tsaba. Ta kori akuya, ta hura wuta. Itacen ɗanye ne, sai hayaƙi, ido na ta hawaye. Ta aiki yaro da hatsi wurin injin niƙa. Yaro ya daɗe, ya dawo da hatsin yadda ya tahi da shi, ya ce inji ya lalace. Sai turmi da taɓarya.

Da azahar ta kai hura gona. Bisa hanya takalmin roba ya tsinke, ta maƙale shi da ƙaya. Ƙarangiya ta cika mata bakin zane. Da ta biya wurin mai tebur sayen gishiri, ya ce ba shi da canji, ya ba ta alawa biyu maimakon kuɗɗinta. Da dare ya yi, tocila ta ƙi kamawa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da za a kira masifa. Ba fari ba ne, ba fara ba ce. Ba wanda ya mutu. Ba a zuwa ma mutum jaje don igiyar guga ta tsinke. In ma ta faɗi, dariya za a yi mata. Amma ƙananan ɓacin rai kamar ƙarangiyar nan suke. Guda ba ta hana tahiya. In sun yi yawa a zane, dole a zauna a cire su. Mai gida ma shina da nashi: kotar hauya ta karye, jaki ya ƙi tahiya, wayarshi ba caji. Sai dai shi, in ya dawo, akwai dandali, akwai shayi, akwai abokan hira. Ita fa?

A duba hannunta. Da shi ta ja igiya, da shi ta yi sussuka da surhe da daka. Da shi ta wanke tukunya da toka, ta tatsi akuya, ta wanke ma jariri. Tahin hannun duk kanta. In ɗari ya shigo, fata ta tsage. Duk gidan daga hannun nan suke ci, amma ba a cika samun mai kallonshi ba.

To, wani dare, in an ƙare tuwo, sai ta buɗe tasar da take ajiya, ta ɗauko ƴar kwalbar. Ta zauna bisa tabarma a tsakar gida. Ta shafa ma ɗan yatsa na farko, ta ɗaga shi ta duba a farin wata. Ta shafa na biyu. Ɗiya mata ƙanana su kewaye ta: "Inna, sa mini! Inna, ni ma!" Ta ɗiga ma kowace a farce guda, su tashi suna tsalle. In ta zo hannun dama, sai aiki ya tsaya, don hagu ba ta iya riƙe ɗan burushin daidai. Dole ta nemi taimako. Sau da yawa abokiyar zamanta ce ke kusa. Ko da sun wuni ba su ga maciji da juna, sai ka ji: "Yaya, taimake ni da na dama." Ita kuma in ta ƙare, ta miƙo nata hannun.

Daga nan sai jiran bushewa. Nan daɗin yake. Sai ta baza yatsu goma bisa gwiwa, tana hura musu iska. Ba ta iya ɗaukar tulu. Ba ta iya ɗaure zanen goyo. Wanda duk ya kira ta, ta ce: "Dakata, hannuna bai bushe ba." Minti goma ko goma sha biyar ne. A wuni guda cur, wataƙila su ne kaɗai mintocin da ta zauna ba ta ma kowa aiki.

Kuɗɗin wa?

Jan farce na cikin kayan ƴan koli, tare da allura, madubi, kwalli, tsakiya da turare. Ana samun shi a kasuwar Maraɗi ran Litinin da Jumma'a, a Damagaram ran Alhamis, a Tawa ran Lahadi, a Birnin Ƙonni ran Laraba. Daga can ƙananan ƴan koli ke bin kasuwannin ƙauye da shi bisa kai ko bisa moto. Dillalai mata kuma su shiga da shi gida gida. Mai arahar, yawanci daga ƙasar Sin yake hitowa. Kuɗɗin ƙaramar kwalba ba su kai na tiyar hatsi guda ba, kuma in an san adana ta, tana yin watanni.

Duk da haka, akwai mazan da in sun ga jan farce sai ransu shi ɓaci. "Ana fama da abinci, ke kina fenti!" Maganar tana da kamar gaskiya, musamman da bazara in rumbu ya yi ƙasa. Amma a yi lissahi da adalci. Mai gida shi ɗauki alƙalami, tun da yanzu ya iya rubutu. Shi rubuta abin da ya kashe a goro cikin kwana 7. Shi ƙara na shayi da sukari. Mai shan taba shi ƙara na taba. Shi tara. Sa'an nan shi aza kuɗɗin kwalbar nan kusa da jimlar. Da yawa za su ninke takardar su sa aljihu, ba su ce komi ba.

Kuma kuɗɗin wa aka kashe? Mata da yawa suna da gamanarsu, suna da ƴan awakinsu. Wata ƙuliƙuli da man gyaɗa take yi, wata hura, wata ƙosai, matan ruga kuma nono da man shanu. Tun 1991, da ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata ke zuba kuɗɗi cikin akwati kowane mako, suna ba juna rance. Abin da mace ta samu da guminta nata ne. Addini ma haka ya ce. Kuma kowa ya san inda mahi yawan ribar nan ke tahiya: kayan miya, sabulu, maganin yaro, kayan ɗakin ɗiya. In ta cire ƴan daloli kaɗan ta saya ma farcenta launi, ba ta ci amanar kowa ba.

Inda laihi yake, shi ne mace ta taɓa kuɗɗin cefane, ko ta ɗebi hatsin gida a ɓoye ta kai ma dillaliya. Wannan kam ba shi da kyau, ko don jan farce, ko don zane. Shi kuma mai gidan da ya ga dama ya yi tsaraba daga kasuwa, in matanshi biyu ne, shi sayi kwalba biyu. Wanda ya sayi guda ya ba amarya, ya sayo ma kanshi maganar da za ta hi kwalbar daɗewa.

Ba matan ƙauye kaɗai ke haka ba. A Amurka, cikin 2001, wani babban mai sayar da kayan kwalliya, Leonard Lauder, ya lura da wani abu. In kuɗɗi suka yi wuya, mata su bar sayen tufa masu tsada, amma jan baki sai shi ƙara tahiya. Masana sun ce ba kullum abin ke zama haka ba. Amma bayan tattalin arziki ya karye a can cikin 2008, an ga cinikin jan farce ya ƙaru. Mutum ko'ina mutum ne. In babban abu ya gagare shi, sai shi nemi ƙarami shi sanyaya ranshi.

Ɗan uwan fentin mota

Rina farce ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Fir'aunan Masar ake yin shi da lalle. Amma wanga na kwalba bai daɗe ƙwarai ba. Wajen 1917 wani kamfanin Amurka mai suna Cutex ya fara sayar da na ruwa. Har yau akwai ƙasashen da kowane jan farce Cutex suke ce mishi, kamar yadda ake ce ma kowane ɗunƙulen miya magi. Bayan 1920 masu ƙera motoci suka samu wani sabon fenti mai saurin bushewa, mai ƙyalli. Irin haɗin nan ne aka gyara don farce.

Cikin 1932, a birnin Niyok, wasu ƴan uwa biyu, Charles Revson da Joseph Revson, suka haɗa kai da wani mai suna Charles Lachman. Jarinsu dala 300 ne, dalar Amurka, ba dalar sefa ba. Suka ɗauki sunan Revson, suka cire baƙin S, suka sa baƙin L na Lachman. Sunan ya zama Revlon. Lokacin nan Amurka na cikin babban talauci wanda ya fara a 1929, mutane bila adadin ba su da aiki. Cikin wannan wahala kamfanin ya tashi, kuma da jan farce kaɗai ya fara.

Mi ke cikin kwalbar? Abu uku ne manya. Na farko ana yin shi daga auduga, wato kaɗa, ko daga itace, bayan an jiƙa su da wani ruwa mai ƙarhi. Shi ne ke daskarewa bisa farce kamar ƴar siririyar leda. Na biyu ruwan da aka narka shi a ciki. Shi ne mai warin nan da ke hawa kai, kuma da ya sha iska sai shi tashi. Tashinshi shi ne bushewa. Na uku launi. Wanda ya gane wannan, ya gane duk abin da za a faɗi nan gaba: jan farce ba rini ba ne, ruhi ne.

Maganar alwala

Nan ne ya bambanta da lalle. Lalle ganye ne. A shanya shi, a daka, a kwaɓa, a ƙunsa. Da can zunguru ake sa hannu a ciki, yanzu leda ta hi yawa. In an kwance an wanke, ganyen ya tahi, launi kaɗai ya rage. Launin ya shiga jikin fata da farce, bai hau bisansu ba. Don haka ruwa na isa ko'ina. Lalle ba shi hita daga farce sai farcen ya tsiro an yanke. Farcen hannu na ƙaruwa kamar milimita 3 a wata, kuma shina ɗaukar kamar wata 6 kamin sabo shi maye tsoho gaba ɗaya. Na ƙafa shekara guda ko hiye. Shi ya sa tsohuwa mai lura, in ta dubi farin da ya hito a gindin farcen amarya, tana iya faɗin watanni nawa da biki.

Amma lalle na son lokaci. Sai an kwana da ƙunshi, ko an ɓata rabin wuni. Launinshi kuma guda ne. Jan farce kuwa, kamin tukunya ta tafasa an ƙare, ga ja, ga ruwan hoda, ga shuɗi, ga mai ƙyalƙyali. Dalilin da ƴan mata ke son shi ke nan.

Sai dai wanke hannu har gwiwar hannu, da ƙafa har idon sau, farilla ne cikin alwala, kuma farce na ciki. Malaman Malikiyya, wadda aka hi bi a Nijar, da na sauran mazhabobi, sun ce duk abin da ke da jiki, mai hana ruwa isa, kamar kakin zuma ko danƙo ko fenti, sai an cire shi kamin alwala. Haka ga wankan tsarki. Jan farce na cikin irin waɗannan. Lalle ba shi ciki. Akwai matan da ba su san haka ba. Ba taurin kai ba ne, ba a faɗa musu ba ne. Sun ga duka ja ne, sun zaci hukuncinsu guda.

Don haka mata da yawa suna ajiye kwalbarsu sai kwanakin da ba su salla: lokacin al'ada, ko cikin jego. In lokacin wanka ya zo, su goge shi sarai, har gehe gehe, hannu da ƙafa. Wannan dubara ce mai kyau. Amma ta jawo wani abin kunya, wanda laihin masu sa ido ne. Sai mace ta hito da jan farce, wasu su fara ƙus-ƙus, wai sun gane halin da take ciki. Abin da ya kamata shi zama sirrinta ya zama abin hira a bakin rijiya. Wannan ba hali ba ne. Mai kallon farcen matar wani, mi ya kai idonshi can?

Cikin 2009 wani kamfanin ƙasar Polan mai suna Inglot ya hito da wani iri wanda aka ce iska da tururin ruwa na ratsa shi. Daga baya wasu kamfanoni suka bi, har suna rubuta "halal" a jikin kwalba. Malamai ba su haɗu a kanshi ba. Wasu sun yarda, da yawa sun ce ratsawar tururi ba wanki ba ce. Ga shi da tsada, ba kayan faifan ɗan koli ba ne. In mai talla ya ce na arahar nan ma "ana salla da shi", ciniki yake nema. Wadda ke da shakka ta tambayi malamin da ta yarda da shi, ko ta aiki mijinta.

Wuta, yara da reza

Ruwan da ke cikin jan farce shina kama wuta da sauri. Ruwan goge shi, wanda masu kanti ke kira disolban, ya hi shi ma. Ko bai taɓa wutar ba, tururinshi na iya kamawa. Saboda haka ba a shafawa kusa da murhu, ko gawayin shayi, ko hitilar kalanzir, ko mai shan taba. Farin wata, tocila da hitila mai aiki da hasken rana ba su da laihi. Kwalbar da ta ƙare ba a jefa ta cikin wuta, tana iya fashewa. Ƙyallen da aka goge da shi ma haka. A ɗakin kara ko na bunu, kowa ya san abin da ƴar wuta ke iya yi cikin iskar hunturu.

A shafa a waje, inda iska ke kaɗawa, ba cikin ɗaki ruhe ba. Warin na sa ciwon kai da jiri. Mai ciki da mai goyo su hi kowa kiyaye wannan. Akwai wani magani mai suna DBP da ake sa ma jan farce don kada shi tsage. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin kayan kwalliya tun 2004. Amma kwalbar da ba ta da suna, ba ta da rubutu, ba mai iya faɗin abin da aka zuba mata. Mai shafawa jefi jefi, a sarari, ba ta da abin tsoro ƙwarai. Masu aikin shafa ma mutane wuni cur cikin ƙaramin shago su ne cikin hatsari.

Wata kuma jikinta ba shi son shi. Abin mamaki, sau da yawa ba a yatsa ƙaiƙayin ke hitowa ba. A fatar ido yake hitowa, ko wuya, ko gehen baki, wato inda yatsa ke yawan taɓawa. Wadda ta ga haka ta goge, ta bari, ta koma ma lallenta. Lallen ma, a yi hankali da baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi. Ya sha sa ma mata ƙuraje da ƙuna, har shi bar tabo.

Yara na son kwalbar don kyawonta. A aje ta inda hannunsu ba shi kai. Ba a sa ma jariri, ko yaron da ke tsotson yatsa. In yaro ya sha jan farce ko ruwan gogewa, kada a tura mishi yatsa a baki don shi yi amai. A kai shi gidan likita nan da nan, a tahi da kwalbar a nuna.

Sai maganar reza. Kwalbar disolban sau da yawa ta hi ta jan farcen tsada, kuma ba kowace kasuwa ake samun ta ba. Sai mata su ɗauki reza su kankare. Kankara na cin bisan farce, shi yi laushi, shi riƙa tsagewa. Mahi muni, reza guda ta zagaya mata biyar. In ta yanki wata ta yanki wata, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga jini zuwa jini. Dubara mai sauƙi ita ce mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗɗi su sayi disolban guda, kamar yadda suke haɗa adashe. Ɗigo kaɗan a ƙyalle ya isa hannu biyu. Bayan an goge a wanke da sabulu, a shafa man kaɗe ko man shanu, don shina busar da fata.

Ran zuwa awo

In mai ciki ta tahi awo, ungozomar likita na jan fatar idonta ta duba ciki. Tana duba tahin hannu, tana duba farce. Jini take nema. In wuraren nan sun yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce. Masassarar cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa kusa da rashin abinci mai gina jini duk suna kawo shi, kuma shina kashe mata wurin haihuwa. Farcen da aka ruhe da fenti ba shi nuna komi. A manyan asibitoci kuma akwai wani ɗan abu da ake maƙala ma mutum a yatsa. Haske yake turawa ta cikin farce don shi auna iskar da ke cikin jini. Launi mai duhu, baƙi ko shuɗi, na iya sa shi ba da lissahin da ba daidai ba. Don haka ran awo, ran da haihuwa ta matso, ko ran da za a yi ma mace aikin tiyata, ta tahi da farce fari. Yaro marar lahiya ma haka.

Mai dama hura, mai tatsar nono da mai tuyar ƙosai su tuna abu guda. Ja na ɓoye dauɗa. Farce na iya yin kyau daga bisa, ƙarƙashinshi baƙi ƙirin. Daga nan zawo ke shiga gida. A yanke farce gajere, a wanke da sabulu kamin a taɓa abinci. In fentin ya fara ɓarewa, a goge shi duka, kada ɓarɓashin shi ƙare cikin ƙwaryar mai saye.

Amfanin karatu a bakin faifan ɗan koli

Wadda ta shiga makarantar yaƙi da jahilci, ga inda karatunta za shi yi mata rana. Ta juya kwalbar ta duba bayanta. In ta ga hoton harshen wuta, an ce mata abin na kama wuta. In ta ga lamba da baƙaƙe biyu, ml, yawan abin da ke ciki ne. Mililita 5 cikin ƙaramin cokalin shayi ne, 15 cikin babban cokali. Wata kwalbar gilashinta ne mai kauri, abin ciki kaɗan. Ido na ruɗuwa, lamba ba ta ruɗuwa, in dai mai kamfanin ya faɗi gaskiya. In kuma ta ga hoton ɗan gwangwani da murhinshi a buɗe, an rubuta 12M ko 24M, ana nuhin wata 12 ko wata 24 bayan an buɗe.

Kamin ta biya, ta karkata kwalbar. In abin ciki na gudu kamar mai, da kyau. In shina tahiya da ƙyar kamar maɗi, ya sha rana bisa faifai, ta bar shi ko da an rage mata. Ta buɗe ta duba burushin, kada ta kai gida ta iske gashinshi ya zube.

A gida, inuwa yake so. Zahin bazara na kashe shi. Bayan an shafa, a goge wuyan kwalbar, a murɗa murhin da ƙarhi. In ya yi kauri, ba a zuba mishi ruwa ko kalanzir, ba su haɗuwa. In launi ya kwanta ƙasa, a murza kwalbar tsakanin tahin hannu biyu. Farce mai maiƙo ba shi riƙe fenti, don haka mai matsar man gyaɗa ta wanke hannu da sabulu, ta bari shi bushe sarai. Shafa siriri sau biyu ya hi shafa mai kauri sau guda daɗewa.

Ko an bi duk wannan, na araha ba shi jure turmi. Matar nan ta farko, da gari ya waye igiya na jiran ta, an ƙulla inda ta tsinke. Kwana na biyu bakin manuniya ya fara ɓarewa. Kwana na uku, bayan sussuka, babban yatsa ya koma rabi ja rabi fari. Ƙaramin yatsan hagu kaɗai ya rage da ƙyallinshi, don shi ba shi cika aiki ba. Tana tankaɗe tana ɗan kallon shi. Da yamma ta aiki ɗiyarta gidan maƙwabciya a karɓo disolban, tun da wannan mako can yake kwana. Ta ɗaga ƴar kwalbarta ta duba a hasken rana. Ko rabi ba ta yi ba. Ta murɗa murhin, ta maida ta cikin tasa, ƙarƙashin zanen salla.